Muhawara: Iyaye su zuba kuɗi a makarantar gwamnati, ko su matsa wa gwamnati ta yi aikinta?

Malama Rakiya:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta hana ni sakat, ina son jin ra'ayin manyanmu da ke nan, musamman waɗanda suka yi aikin koyarwa. Ƙungiyar iyaye da malamai ta makarantar gwamnatin da yarana ke zuwa ta kawo shawarar a yanka wa kowane yaro wani abu da za a riƙa biya duk zangon karatu. Da kuɗin za a gyara rufin azuzuwa biyu, a sayo bencina, a kuma ɗauki malamin lissafi, don wanda ake da shi an yi masa canjin wurin aiki ba a turo madadinsa ba. Ni ina da halin biya, kuma ina son in biya. Abin da ke damuna shi ne, taimakon makaranta muke yi, ko kuwa sauke wa gwamnati nauyin da ke wuyanta? A taro mai zuwa za a yanke magana, ina son in je da abin faɗa.

Baban Nura:
Wa'alaikumus salam Malama. Ni kam ba na goyon baya ko kaɗan. Kuɗin rufin nan kun riga kun biya su. Duk wanda ya sayi kaya ya biya harajin da ke kansu, duk ma'aikacin da aka zare wa haraji daga albashi, ya riga ya ba da nasa kason. A 2015, a birnin Incheon na Koriya ta Kudu, ƙasashen duniya sun amince kowace ta ware wa ilimi kashi 4 zuwa 6 cikin ɗari na abin da tattalin arzikinta ke samarwa a shekara, ko kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na abin da gwamnati ke kashewa. Ba wanda ya tilasta musu, su da kansu suka ɗauki alkawarin. Ranar da kuka gyara rufin da kuɗinku, ranar za a cire makarantar daga jerin masu buƙata. Baɗi idan katanga ta faɗi, ku za a sake kallo.

Malam Iliya:
Baban Nura, maganarka tana kan hanya, amma bari in gaya maka abin da na gani da idona lokacin da nake riƙe da makaranta kafin in yi ritaya. Idan hadari ya haɗo, malamin ajin da rufinsa ya yaye ba ya jiran umarnin kowa. Zai ce yara su cusa littattafansu cikin riga, manyan su ja bencina zuwa kusurwar da ba ta yoyo. In ruwan ya yi ƙarfi sai a cunkusa aji biyu a ɗaki ɗaya. Allo ya jiƙe, alli ba ya kamawa. Ƙarar ruwa a kan ragowar kwanon kuwa, ko ihu malami ya yi na baya ba sa jin sa. Ranar ta tafi ke nan, kuma damina ba kwana ɗaya ba ce.

Na rubuta wa ofishin ilimi takarda, na sake rubutawa, na taka da ƙafata. Kullum amsar ɗaya ce, an sa mu a kasafi mai zuwa. To yaron da ke aji biyu ba zai tsaya a aji biyu yana jiran kasafi ba. Idan ya wuce shekarun koyon karatu bai iya haɗa baƙi ba, haka zai yi ta jan ƙafa har ya gaji ya bari. Saboda haka ni na ce a gyara rufin, a kuma ci gaba da bin hukuma.

Baban Nura:
Allah ya ƙara lafiya Malam, ban musa maka ba. Amma ka faɗa mini tsakaninka da Allah, a cikin iyayen da suka gyara da kansu, nawa ne suka ci gaba da bin hukuma bayan ruwa ya daina zubo wa yaransu?

Malam Iliya:
Kaɗan ne. A nan kam ka kama ni da gaskiya.

Maman Zainab:
Ni ba rufin ne ya dame ni ba, Malama Rakiya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne a ce kowane yaro sai ya biya. Na san yadda wannan ke ƙarewa. Da farko za a ce ai ba dole ba ne. Bayan mako uku sai ka ga malami ya fito taron safe da rajista a hannu yana kiran sunayen waɗanda ba su kawo ba, su fito gaba, kowa na kallonsu, a ce su koma gida su gaya wa iyayensu.

Wata maƙwabciyata tana da yara huɗu a makaranta ɗaya. Abin da ta samu ya kai na biyu kawai, sai ta biya wa mazan, ta ce matan su dakata tukuna. Na ga babbar da idona tsaye a bakin ƙofar makaranta, sanye da kayan makarantarta, jaka a rungume, tana jiran ƙannenta su tashi don kada ta bi hanya ita kaɗai mutane su yi ta tambayarta me ya faru. Yarinyar nan ba ta sake komawa aji ba. Waɗanda ke zama a taron iyaye suna yanke adadin, galibi su ne masu iya biya. Wadda abin zai fi ƙonawa tana can wajen nema, ba ta ma san an yi taro ba.

Dakta Umma:
Maman Zainab ta taɓo inda ciwon yake, kuma akwai alƙaluman da ke mara mata baya. Lokacin da Malawi ta soke kuɗin makarantar firamare a 1994, yaran da ke makaranta sun tashi daga ƙasa da miliyan 2 zuwa kusan miliyan 3 cikin ɗan lokaci. Uganda ta yi haka a 1997, adadin ya tashi daga kusan miliyan 3 zuwa sama da miliyan 5. Kenya ta biyo baya a 2003 zamanin Shugaba Mwai Kibaki, yara sama da miliyan ɗaya suka ƙaru. Har wani dattijo mai suna Kimani Maruge ya shiga aji ɗaya a 2004 yana da shekara 84. Duk waɗannan yaran suna nan tun da can, a gida suke zaune, kuma abin da ya tsare su kuɗi ne da mai albashi zai ce bai taka kara ya karya ba.

Sai dai kada mu ɗauki rabin labari. Da yaran suka cika azuzuwa, ba malamai, ba ɗakuna, ba littattafai. Malawi sai da ta kwashi dubban malaman da ba su da horo ta zuba su a aji. Wato soke kuɗi yana kawo yara makaranta, amma ba ya sa su iya karatu sai an zuba abin da zai maye gurbin kuɗin. To wa zai zuba? Nan ne muhawarar taku take.

Yusuf:
Anti Umma, ke nan duk inda aka juya dai sai an nemi kuɗi daga wani wuri. Me zai hana kowace al'umma ta riƙe makarantarta kawai, kowa ya san abin da ya zuba da abin da ya samu?

Injiniya Bala:
Ƙanina Yusuf, an gwada wannan, kuma a ƙasa mai arziki. A Amurka, kusan rabin kuɗin makarantun gwamnati daga yankin da makarantar take yake fitowa, akasari ta harajin gidaje da filaye. Gwamnatin tarayya kuwa abin da take bayarwa a yawancin shekaru bai wuce kashi ɗaya bisa goma ba. A wurare da yawa mazauna yanki ne ke kaɗa ƙuri'a a kan a ƙara harajin makaranta ko kada a ƙara. Da jin haka za ka ce ai shi ke nan, iko yana hannun jama'a.

Ga abin da ya faru a birnin San Antonio na jihar Texas. Yankin Edgewood na talakawa ne, yawancinsu 'yan asalin Meziko. Su ne suka ɗora wa kansu haraji mafi tsanani a birnin, amma da yake gidajensu ba su da tsada, abin da suka tara wa kowane ɗalibi a shekarar karatu ta 1967 zuwa 1968 dala 26 ne. Yankin Alamo Heights na masu kuɗi, da haraji mafi sauƙi, ya tara dala 333 ga kowane ɗalibi. Iyayen Edgewood suka kai ƙara, da wani mahaifi mai suna Demetrio Rodriguez a gaba. A 1973 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci, alƙalai 5 a kan 4, cewa tsarin bai saɓa wa kundin tsarin mulkin ƙasar ba. Ka duba da kyau, iyayen Edgewood ba rashin kishi ne ya kayar da su ba, sun fi kowa matse kansu. Idan aka bar kowace unguwa da makarantarta, ɗan talaka zai gaji talaucin unguwarsu har cikin aji.

Yusuf:
To Yaya Bala, a hana masu hali taimaka wa makarantar 'ya'yansu ke nan?

Injiniya Bala:
A'a, ba wanda zai iya hana uba kyautata wa ɗansa. Amma ana iya raba alherin. A birnin Portland na jihar Oregon an yi shekaru ana bin wata ƙa'ida: idan iyayen wata makaranta suka tara kuɗin ɗaukar ƙarin malamai ya haura wani adadi, kashi ɗaya bisa uku na abin da ya haura yana shiga asusun da ake raba wa makarantun da iyayensu ba su da ƙarfi. Wasu iyayen sun yi ƙorafi, amma ni ina ganin adalci ne.

Hajiya Talatu:
'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta. Na riƙe ma'ajin ƙungiyar iyaye shekaru masu yawa, kuma ina gaya muku hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gwamnati ita kaɗai ba ta taɓa wadatar da makaranta ba, iyaye su kaɗai ma ba za su iya ba. Kuskuren ƙungiyarku, Rakiya, shi ne da suka ɗora abin a kan yaro. Me ya haɗa yaro da bashin rufi?

Ku buɗe gidauniya ta al'umma gaba ɗaya. Makaranta ba ta masu 'ya'ya a ciki kaɗai ba ce. Wanda ya gama ya tafi ya zama wani abu, a neme shi. Ɗan kasuwar da gobe zai nemi yaron da ya iya lissafi ya riƙe masa littafin ciniki, a je masa. Dattijon da nasa suka girma, jikokinsa na tafe. Kuma ba kowa ne zai ba da kuɗi ba. Mun taɓa samun kafinta da ya ce ba shi da ko sisi, amma a kawo katako da ƙusa. Ya zo da yaransa na shago suka gyara duk bencinan da suka karye aka jibge a bayan ofis, waɗanda da an ce sai an sayi sababbi. Wata uwa kuma ita ta ɗauki nauyin duba banɗakin 'yan mata da tabbatar da akwai ruwa a ciki. Duk wadda ta raini 'ya mace ta san abin da rashin wannan ke jawowa idan yarinya ta fara girma.

Sharaɗina guda biyu ne, kuma ba na sassauta su. Kada sunan yaro ya shiga takardar karɓar gudummawa, balle a kira shi a gaban 'yan'uwansa. Sannan kuɗi su shiga asusun banki da sai mutum uku sun sa hannu ake cirewa, kuma hedimasta kada ya zama shi ne mai riƙe da su. Wannan kariya ce gare shi ma, don bakin mutane ba ya barin mai riƙon kuɗi. Duk abin da ya shigo da duk abin da ya fita, a rubuta a manna a bango inda kowa zai gani, da rasit.

Maman Zainab:
Allah ya saka da alheri Hajiya. In dai haka ne, ni ma zan bayar.

Dakta Umma:
Maganar mannawa a bango da Hajiya ta yi ta tuna mini da wani abu a Uganda, kuma ina jin zai yi wa Baban Nura daɗi. An bi sawun kuɗin da gwamnati ke tura wa makarantun firamare domin hidimar yau da kullum tsakanin 1991 da 1995, sai aka tarar kashi 13 cikin ɗari ne kawai ke isa makarantun. Sauran suna maƙalewa a hannun jami'an gundumomi. Makarantu da yawa ba su samu komai ba, kuma iyaye ba su ma san akwai wani kuɗi da ya kamata ya zo ba. Sai gwamnati ta fara buga abin da ta tura wa kowace gunduma a jaridu duk wata, aka kuma umarci makarantu su manna abin da suka karɓa a allon sanarwa. Da aka sake dubawa a 2001, sama da kashi 80 cikin ɗari ke isa. Masana tattalin arziki Ritva Reinikka da Jakob Svensson ne suka yi wannan binciken. Akwai masu cewa ba jarida kaɗai ta yi aikin ba, tunda an yi wasu gyare-gyaren a lokacin, kuma suna da hujja. Amma ku yi tunanin iyayen da ke karo-karo suna matse kansu, alhali kuɗin makarantarsu yana kwance a aljihun wani.

Baban Nura:
Yauwa! Wannan ita ce gudummawar da nake nufi. Kafin kowa ya sa hannu a aljihu, a fara tambaya: nawa aka ware wa makarantar nan bana, nawa ya iso, ina sauran? Iyaye ɗari da suka tsaya a ofis da wannan tambayar sun fi iyaye ɗari da suka kawo kuɗin kwano.

Hajiya Talatu:
Baban Nura, su je ofis ɗin da safe, da yamma su dawo su kawo kuɗin kwanon. Wanda ya zuba guminsa a makaranta shi ne ke da bakin tambaya, kuma shi ake jin nauyinsa. Waɗanda na ga suna cewa aikin gwamnati ne, yawancinsu ko taron iyaye ba sa zuwa.

Baban Nura:
Ranki ya daɗe, ni ina zuwa. Amma na yarda akwai irinsu.

Malam Iliya:
Akwai abu ɗaya a cikin shawarar da ba ku tsaya a kansa ba, kuma shi ya fi tayar mini da hankali: ɗaukar malamin lissafi. Rufi sau ɗaya ake yin sa a huta. Albashi kuwa duk wata ne. Zangon farko kowa na da zafin nama, za a biya shi. Zango na uku gudummawa ta ja baya, malami ya yi wata biyu ba a ba shi komai ba, ya samu wani wuri ya tafi a tsakiyar shekara, yara su koma inda suke. Wanda zai yarda da ƙaramin albashi marar tabbas kuma, sau da yawa ba shi da horon koyarwa. Mafi muni, ranar da mai duba makarantu ya zo ya tarar da mutum a gaban allo yana koyar da lissafi, a rahotonsa makarantar nan ba ta da giɓi.

Kenya ta ga irin wannan. Bayan samun 'yancin kai a 1963, shugaban ƙasar Jomo Kenyatta ya yi ta kiran jama'a su haɗa ƙarfi a ƙarƙashin taken aikin gayya da ake kira Harambee, al'ummomi suka gina makarantun sakandare masu ɗimbin yawa da kuɗinsu da ƙarfinsu. Yara da yawa sun yi karatu ta dalilinsu, wannan ba abin rainawa ba ne. Amma ginin ya fi riƙon sauƙi. Da yawansu ba ƙwararrun malamai, ba ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, iyaye talakawa na biyan kuɗi mai yawa, sakamakon jarrabawa kuma bai kai na makarantun da gwamnati ke riƙe da su ba. Daga baya sai da gwamnati ta shigar da su cikin tsarinta.

Malama Rakiya:
Na ji, Baba Iliya. Amma 'yan ajin ƙarshe suna da jarrabawa a gabansu, kuma tun farkon zango ba wanda ya shiga ajinsu da sunan lissafi. In muka ce ba za mu ɗauka ba, su muka yanke wa hukunci.

Hajiya Talatu:
Ni a nan na saɓa da Malam. Mun ɗauka, kuma ya yi amfani. Abin da muka yi shi ne ba mu kira kowa ba sai da albashin shekara guda cif ya taru a asusu, kuma muka rubuta wa hukuma cewa na wucin gadi ne, gurbin yana nan a buɗe.

Malam Iliya:
In an tara na shekara kafin a fara, rabin tsorona ya tafi. Rabin da ya rage shi ne shekara ta biyu.

Injiniya Bala:
Bari in ƙara wani misali, kowa ya ɗauki abin da ya gani a ciki. A farkon ƙarni na 20, a kudancin Amurka, hukumomi sun yi watsi da karatun 'ya'yan baƙar fata. Wani malami baƙar fata mai suna Booker T. Washington da wani attajiri mai suna Julius Rosenwald suka fito da wani tsari wanda zuwa 1932 ya samar da makarantu kusan 5,000. Rosenwald bai taɓa biyan kuɗin makaranta gaba ɗaya ba. Sai al'umma ta kawo nata, kuɗi ko fili ko aikin hannu, sannan sai hukumar ilimi ta yankin ta zuba nata ta kuma amince za ta riƙe makarantar. Abin da talakawan nan suka tara ya zarce abin da asusun attajirin ya bayar. Abin da ya burge ni shi ne sun yi amfani da nasu kuɗin wajen jawo na hukuma, an ɗaure ta da alkawari kafin a aza tubali.

Baban Nura:
Ni kuma abin da na gani shi ne mutanen da suka biya haraji kamar kowa, sannan aka sa su sake biya kafin 'ya'yansu su samu abin da 'ya'yan wasu ke samu kyauta. Jarumtarsu abin yabo ce, amma zalunci ne ya sa su yin ta.

Injiniya Bala:
Duka biyun gaskiya ne.

Maman Zainab:
Tambaya ɗaya, Malama Rakiya: su wane ne a kwamitin naku? Akwai uwa ko ɗaya a ciki daga cikin marasa ƙarfi?

Dakta Umma:
Tambaya mai kyau. Dokar 'yancin samun ilimi ta Indiya ta 2009 ta ce kashi uku bisa huɗu na kwamitin kula da makaranta su zama iyaye, rabin mambobin su zama mata, kuma a ba iyaye marasa galihu wakilci daidai yawansu. Doka ba ta sa mutum ya buɗe baki a taro, amma aƙalla tana sama masa kujera.

Malama Rakiya:
Mace ɗaya ce a ciki, Maman Zainab, kuma ba ta cikin waɗanda kike nufi. Zan tayar da wannan. Baba Iliya, wata tambayar: ta yaya za mu san abin da aka ware wa makarantar a hukumance? Ina tsoron in na tambayi hedimasta a gaban taro ya ɗauka tuhumarsa nake yi.

Malam Iliya:
Kada ki tambaye shi a gaban taro, 'yata. Ki same shi a ofis ke da mutum biyu daga cikin iyaye, ki ce kuna son ku taya shi bin haƙƙin makaranta. Sau da yawa shi ma yana cikin damuwa, amma ma'aikaci ne, ba zai iya ɗaga murya a kan na sama da shi ba. Ku kuna iyawa. Ku roƙe shi ya nuna muku abin da ya shigo hannunsa bana da kwafin takardun da ya rubuta kan rufin da kan malamin. Daga nan ƙungiyarku ta rubuta tata takardar zuwa ofishin ilimi, da adadin yaran da ke kowane aji, da hotunan rufin, da ranar da aka ɗauke malamin lissafi. Iyaye su sa hannu da yawa, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala. Ku kai kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya ku dawo da shi, don in kun koma bibiya kada a ce ba a ga takardarku ba. Ku aika wa wakilin da kuka zaɓa kwafi shi ma, kuma ku sa a cikin takardar ranar da za ku dawo jin amsa.